Tukunyar Bibi Gauhar

Wanda ya ce kishi kumallon mata ne bai taɓa zama kusa da Usta Nusrat ba ranar da motar Aga Bahram ta shigo ƙauye.

Usta Nusrat, wato gwani Nusrat, shi ne mai dafa abincin taro a ƙauyenmu na bakin kogin Zayande, can sama da garin Saman. Biki ko rasuwa, in dai shinkafar ta fi ƙarfin matan gida, shi ake kira. Gajere ne kakkaura, girarsa ta babbake a bakin murhu tun yana saurayi, ba ta ƙara fitowa da kyau ba. An san shi da iya sarrafa hulun ɓaure, ɗan itacen nan mai faɗi kamar an danne shi da tafin hannu, wanda lambunanmu ke zubarwa in zafi ya kai tsakiya. An kuma san shi da kara. Mu duka muna da ita, ba mai karɓar ko kofin shayi a tayin farko, amma ta Usta ta wuce misali. An taɓa ganinsa da wani dattijo a ƙofar masallaci, wannan na cewa bismilla kai ne gaba, wancan na cewa Allah ya kiyaye in riga ka, har liman ya idar da raka'ar farko suna waje.

Akwai kuma abu na uku, wanda yake zaton ba wanda ya sani, alhali har kajin gari sun sani. Wannan abin shi ne Bahram.

'Ya'yan mace ɗaya suka aura. Nusrat na auren Zarrin, babbar 'yar Bibi Gauhar, Bahram kuma na auren ƙanwarta Nasrin. A nan ana cewa maza biyu da suka auri ya da ƙanwa ba sa zama dangi, ana faɗa ana dariya. Shi Nusrat bai taɓa ganin abin dariya a ciki ba.

Maraya ne, daga wani ƙauye na bayan dutse ya zo, ya fara da wankin tukwanen masu biki har ya zama mai nasa ludayin. Da ya auri Zarrin sai ya kama gida ƙofa uku daga na Bibi. Tsohuwar ba ta da ɗa namiji, mijinta kuma ya rasu tun yaran na ƙanana. A lokacin Nusrat ya iya dafa wa mutum ɗari biyar shinkafa ba ta caɓe ba, amma hulu bai san kansa ba sai ci. Bibi ce ta koya masa, in dai faɗa koyarwa ce.

“Wannan ka tsinko mini? Ya nuna ya yi luguf. Miya za ka yi da shi ko ruwan sha?”

“Na ga ya fi ƙamshi ne, Bibi.”

“Hancinka na aika lambu ko hannunka? Koma.”

A hankali ya gane. Na miya mai ɗan tauri ake so, wanda in ka danna shi da yatsa zai ɗan yi maka gardama. A goge gashinsa da tsumma, a tura ƙwallon da babban yatsa ya fita ta ɗaya gefen, a raba shi biyu, a ɗan soya a man shanu har gefensa ya yi ja. Ba ya shiga tukunya sai naman rago ya dahu da albasa da kirfa, an zuba za'afaran da lemun tsami da ɗan sukari, sannan a jera shi a sama a rufe, kada a kuskura a juya. Hulun ɓaure ba ya jure wuta kamar ɗan'uwansa hulu mai zagaye. Ka yi sakaci kaɗan sai ka buɗe ka tarar ya narke ya bi romo. Wanda ya nuna sosai kuwa a murje shi a rariya da hannu, a sa ruwan wardi da ƙanƙara a sha. Na ƙasa da ya ƙuje ba a zubarwa, a dafa shi ya yi kauri, a shimfiɗa a faranti a hau da shi saman ɗaki rana ta busar, yara su riƙa yaga suna tsotsa har sanyi ya fita.

Duk wannan ya iya, har ya zo ya fi mai koya masa. Kowa ya san haka, ita ma ta sani. Amma shekara ashirin da bakwai bai taɓa jin ta ce masa sannu, hannunka ya yi daɗi ba.

Bibi na da wata tukunyar tagulla, babba, mai cin rago guda, da sunan kakan mijinta a zane a bakinta. Sau ɗaya take fitowa a shekara. A gidan ba mai sa hulun bana a baki sai an dafa na farko a cikinta, an kai wa maƙwabta, 'ya'ya da jikoki sun taru an ci. Inda tukunyar take nan dangi ke haɗuwa, haka aka gada. Nusrat ne ke sauko da ita daga kan bango, shi ke ɗaukarta a kafaɗa ya kai wa maƙeri a sake shafe cikinta da kuza, shi ke hura mata wuta. Tun da gwiwoyin Bibi suka ƙi, shi ne ma ke girkin baki ɗaya, ita tana zaune a kan darduma tana ba da umarni. Bai taɓa faɗa wa kowa ba, amma yana son tukunyar nan kamar ransa. Ba don tagullar ba. Yana ganin ranar da Bibi ta miƙa masa ita, ranar ce za ta faɗi abin da ta hana shi ji.

Sai an gama wahala, hayaƙi ya gama cinye masa ido, sannan za ka ji hon a bakin ƙofa. Bahram ke nan daga Isfahan, inda yake da shagon firji da injin wanki. Dogo, mai fara'a, farar rigarsa ko ƙura ba ta sani ba. Zai fito da kwalin alewa ɗaya a hannu, Bibi kuwa sai ta nemi miƙewa da gwiwoyin da ba sa miƙuwa.

“Maraba da hasken idona. Kai da kanka ka ɗauko wannan? Ka sha hanya. Zarrin, kawo wa Aga Bahram matashi mai taushi. Nusrat, wutar nan ta yi yawa, daga nan nake jin ƙauri.”

Ba wani ƙauri. Nusrat zai rage itace ɗaya, ya yi ƙwafa a cikinsa.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne Bahram ba mugu ba ne. Da mugu ne da an huta, a ƙi shi da hujja. Mutumin zai taho har bakin murhu, ya dafa kafaɗarsa.

“Usta, wallahi tun daga gadar Saman nake jin ƙamshin nan. Yaushe za ka koya mini?”

“Ranar da ka koyi tafasa ruwa, Aga.”

“To ai shi ke nan, sai a lahira,” in ji Bahram, ya kwashe da dariya, ko a jikinsa.

In an shimfiɗa abinci, ƙanzon shinkafa mafi kyau, mai ruwan zinariya, Bibi da hannunta take ɗorawa a farantin Bahram. Shi zai ci ya lumshe ido ya ce, “Bibi, hannunki albarka.” Ita kuma ta amsa yabon ba kunya, kamar ita ta tsaya a hayaƙin. In ta waiwayo wajen Nusrat, sai dai ta ce lemun ya so ya yi yawa, ko bara ta fi ta bana.

Wata shekara Bahram ya zo da injin markaɗe na lantarki. Ya watsa hulu a ciki da ɓawonsa da komai, ya danna, kafin ka ce kwabo ga abin sha ya cika jug, kumfa har baki. Bibi ta kurɓa ta ce kai, boko ya yi, dubi yadda yaron nan ya hutar da mutane. Nusrat na tsaye da rariya a hannu, yatsunsa sun yi jawur don murza. Shi ma aka miƙa masa, ya kurɓa, ya ji gashin ɓawon na kartar masa maƙogwaro. Ya ce madalla. Da suka koma gida kwana uku yana maganar kumfar nan, har Zarrin ta ce in ya ƙara ambaton inji za ta koma ɗakin uwarta.

“Ke ba ki gani? Kwalin alewa ɗaya. Ɗaya tak. Ni kuwa wa ya gyara mata rufi da dusar ƙanƙara ta karya shi?”

“Kai.”

“Wa ke kai ta asibiti?”

“Kai ne dai, Usta. Sha shayinka ya huce.”

Haka aka yi ta tafiya, gemunsa ya yi fari a kan ciwon nan.

Shekarar da Bibi ta cika tamanin da huɗu, hulu ya yi kyau irin wanda aka daɗe ba a gani ba. Nusrat ya yi miyar da shi kansa ya san bai taɓa yin irinta ba: kowane ɓari na hulu na zaune a kan nama da siffarsa, amma harshe na taɓa shi ya narke. Bayan miya ya kawo wanda ya dafa a ruwan sukari da kanumfari, ya sanyaya shi a randa, ya ɗora masa kirim ɗin madara. Aka ci aka yi shiru, irin shirun da mai girki ya fi so.

Da aka kwashe kwanuka, Bibi ta sa jikokinta mata suka wanke tukunyar suka kawo gabanta. Ta shafa bakinta da tafin hannu. Ta ce ita kam ta gaji, ba ta jin za ta ga hulun baɗi, kuma ba ta so a yi ta kallon-kallo a kan tukunya bayan ranta.

“Nusrat, ɗauki. Ka kai gidanka.”

 Ya sa hannun dama a ƙirji ya sunkuyar da kai, kamar yadda ya kamata.

“Allah ya ƙara miki nisan kwana, Bibi. Ni wa? Tukunya tana inda ta dace.”

“Na ce ka ɗauka.”

“Ban isa ba, Bibi. Ga manya a zaune.”

Har nan ba laifi. Kowa a ɗakin ya san lissafin: a ƙi sau biyu, a na uku a karɓa da hannu biyu a yi godiya. Zarrin har ta fara gyara mayafi. Bibi ta ja numfashi, don maganar ma wahala take ba ta, ta tura tukunyar gaba kaɗan.

“Ɗauki, Nusrat.”

A nan ne shaiɗan ya raɗa masa. Ya dubi Bahram, yana kishingiɗe a kan matashinsa mai taushi yana sakace haƙori, sai wani abu ya taso masa. Shi ke nan? Ɗauki kawai, kamar ana ba almajiri tsohon takalmi? Shekara ashirin da bakwai, ba za ta ce don me ba? Ya ƙudura a ransa zai ƙi sau ɗaya kuma. Dole ta yi na huɗu, kuma a na huɗu dole ta kawo dalili, ta ce kai ne ka iya, kai ne ka cancanta, ta faɗa a gaban wannan mai farar riga ya ji da kunnensa.

“Bibi, ni ɗan aiki ne a gidan nan. A ba Aga Bahram, shi ne hasken ido.”

Da murmushi ya faɗa, amma ba wanda ya tayar masa. Bibi ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta janye hannunta daga kan tukunyar.

“To. Ba a yi wa mutum dole. Aga Bahram, ko za ka taimaka ka rage mini kaya?”

Bahram ya zabura ya zauna sosai. Ya ce haba Bibi, ina shi ina tukunya ga Usta. Ta sake tayi, ya ce wallahi ko ƙwai bai iya soyawa ba. Ya dubi Nusrat, da gaske yana neman ya cece shi. Amma wanda ya ce a ba wani, da wane baki zai dawo ya ce a'a, a ba ni? Kara ta riga ta ɗaure shi. Da bakinsa ya ce, “Karɓi mana, Aga, kada ka mayar da hannun babba.” Bibi ta yi tayi na uku, Bahram ya karɓa da hannu biyu ya sumbaci hannunta.

Garin neman gira Usta ya rasa ido. Kuma da yake Bahram na fama da ciwon baya, Nusrat ne ya ɗauki tukunyar a kafaɗa ya kai ta bayan mota, ya sa mata tsumma a gefe don kada ta yi ta gwaruwa a hanya.

Bibi ta rasu da sanyin shekarar. Nusrat ya dafa abincin kwana uku, da na bakwai, da na arba'in, bai bari kowa ya taɓa ludayi ba. Ya yi kuka sosai, a bayan tukwane, inda za a ce hayaƙi ne. Amma ko kukan bai wanke masa ƙullin ba. Yana ganin ta tafi da hakkinsa, ta nuna wa duniya wanda take so.

Zafi ya dawo, lambuna suka cika, ba wanda ya kira taro. Isfahan shiru. Wata safiya Nusrat na zaune a tsakar gida da kwandon hulu a gabansa, yana gogewa yana mita.

“Sai mu ga miyar bana. Wataƙila a inji za a markaɗa ragon. Ai ita ta zaɓa, ɗan gaban goshi ya samu, mu bayi sai mu jira a aiko mana da kumfa.”

Zarrin na tankaɗe a gefe. Ta ajiye rariyar. Mace ce mai haƙuri, amma uwarta ce ake taɓawa, kuma wata bakwai tana haɗiye wannan magana.

“Usta, kai dai wallahi ba ka da wayo. Girki kawai ka iya.”

“Me na yi kuma?”

“Ka taɓa jin Inna ta yabe ni? Ni da ta haifa? Ka taɓa ganin ta ba ni ƙanzo? Baƙo ake wa wannan. Bahram sau ɗaya yake zuwa a shekara, har ta mutu Aga take ce masa don girmamawa, ba ta san ma abin da za ta ce da shi ba in ba sannu da hanya ba. Kai kuwa da sunanka take kiranka, tana yi maka faɗa yadda take yi mana.”

Ya buɗe baki, ta ɗaga masa hannu.

“Ban gama ba. Ranar nan da kuka fita da tukunya, ni na kwantar da ita. Ka san me ta ce? Ta ce, Zarrin, Allah bai ba ni ɗa namiji ba, na ɗauka ya ba ni daga baya. Sau uku na miƙa masa a gaban mutane. Ashe shi har yau ɗan aiki yake ganin kansa a gidana. Ta juya ta fuskanci bango. Ba ta ƙara tayar da maganar ba.”

Nusrat ya dubi hulun da ke hannunsa. Ya danne shi bai sani ba, ruwan na bin yatsunsa.

“Me ya hana ki faɗa mini?”

“Ta ce kada in faɗa, kada ka ji kunya.”

Washegari ya hau motar farko zuwa Isfahan. Bai taɓa roƙon kowa komai ba a rayuwarsa, ko gishiri, sai ga shi zai fara da mutumin da ya fi ƙin ya roƙa. Duk hanya yana shirya magana mai lanƙwasa, mai gabatarwa da addu'o'i. Da ya hau bene hawa uku Bahram ya buɗe ƙofa da rigar barci, duk ta zube.

“Aga Bahram, tukunyar na zo roƙo. Ka ba ni.”

Bahram ya yi turus, don bai taɓa jin magana ta fito daga bakin Usta a miƙe haka ba. Sai fuskarsa ta canza.

“Kash, Usta. Da ka yi waya ko da watan jiya ne. Shigo ka gani.”

A baranda take. An goge ta tana ƙyalli, an cika ta da ƙasa, wata 'yar bishiyar lemo na tsaye a ciki da ganye shar. Nasrin ta fito daga kicin tana murza hannu, ta ce ganin ba mai girki da ita, ga ta da girma ba wurin ajiya, shi ya sa suka ce bari a riƙa ganinta ana tuna Inna. Sun kai an huda gindinta don ruwa ya riƙa fita.

“Ko a haka ina so,” in ji Nusrat.

Bahram bai tsaya wani tayi ba. Ya durƙusa da ciwon bayansa, ya tuge bishiyar, ya juye ƙasar a kan tayil ɗin matarsa, ya ɗauraye tukunyar da kansa ya miƙa masa. Har yana ba da haƙuri, yana cewa dama tun ranar bai ji daɗi ba, ya san ba tasa ba ce. Nusrat ya karɓa, ya ji tsohon ciwon ya motsa a inda yake: mutumin nan ko kyauta ma ba ta yi masa wuya.

Ya ƙi tsayawa shayi. A mota yaron direba ya ce a ɗora ta a sama da kaya, ya ce a'a, ya biya kuɗin kujera biyu amma a cinyarsa ya riƙe ta. Sai da suka fita gari ya iya leƙa cikinta. Huda biyar ce, an yi su da kyau, kowace ɗan yatsa zai shiga. Wata tsohuwa da ke kujerar gefe ta leƙo ita ma, ta girgiza kai.

“Bawan Allah, wa ya yi wa tukunya mai kyau haka wannan aika-aika?”



“Ni ne, Hajiya,” in ji Usta Nusrat.